Sallau Sarkin Hura da Motar Metiron

Wani bakanike ne aka yi a garejin bakin tasha a Funtuwa, sunansa Sallau. Amma in ka tsaya a Sallau kawai ba zai waigo ba, sai ka ƙara da Sarkin Hura. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ya naɗa kansa, ya sa aka rubuta masa a allon rumfarsa da jan fenti, har da zanen wani ƙato ya cika kumatu da iska.

Kowa ya san yadda kanikawa ke yi in kafireta, mai haɗa wa inji fetur da iska, ta toshe. A kwance ta, a wanke da fetur, a miƙa wa mai faci ya hure ta da injin iskarsa, shi ke nan. Sallau ya ce wannan aikin ragwaye ne, shi da baki yake hurawa. Ba hurawar ce ke ba mutane haushi ba, don ba bakaniken da ba ya sa baki wani lokaci. Surutun da ke biyo baya ne masifar. In ya hura kafiretar babur ɗaya da safe, gareji zai sha labari har la'asar. Ya ce ya taɓa hura wata a Zariya, dattin ya fita ta salansa ya kashe ƙadangare a kan katanga. Ya ce ya hura kafiretar tirela a Jibiya sai da direban ya yi masa kuka. Ita kuwa tirela ko kafiretar ba ta da ita, amma wa zai tsaya gardama da mutumin da ba ya haɗiye yawu tsakanin magana da magana.

Rumfar da ke jikin tasa ta Malam Barau ce, wani dattijo da ya shekara arba'in a ƙarƙashin mota. Malam Barau ba ya sauri, ba ya kuma yawan magana. Sallau ya raina shi ƙwarai, yana kiransa Baba Sannu-sannu a gaban masu kawo aiki.

Ranar wata Laraba da hantsi aka turo wata mota cikin gareji, majiya ƙarfi huɗu a bayanta suna haki. Fijo 404 ce, fara, ta girmi yawancin kanikawan wurin. A sitiyari kuwa Hajiya Tabawa ce, tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya da ta yi ritaya, wadda duk gari ke kira Metiron. Ita da motar tare suka tsufa. Rabin mutanen Funtuwa a cikin uwayensu suka fara shiga motar nan, don da ita take kwasar masu naƙuda zuwa asibiti. Metiron mace ce da in ta ce ka buɗe baki, sai ka buɗe kafin ka tuna ba ka da ciwo.

Ta fito ta nufi rumfar Malam Barau, wanda shi ke duba mata motar tun da can.

"Malam Barau, ta ƙi. Tana tashi tana mutuwa. Ranar Asabar ɗalibaina za su yi taron karrama ni, kuma da ita zan je. Ba zan shiga motar kowa ba."

Malam Barau ya buɗe bonet, ya saurara, ya shinshina. "Jet ne ya toshe, Hajiya. Tankin ya tsufa, tsatsa na biyo mai. Zan cire shi in jiƙa, in an kawo wuta mai faci ya hure mana."

Shi jet ɗin nan wani ɗan ƙarfen tagulla ne a cikin kafireta, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, da ɗan rami a tsakiya kamar na allura. Ta wannan ramin fetur ke bi. In ya toshe mota ta shaƙe, in ya yi faɗi ta sha ta ƙware.

Sallau na jin an ce a jira wuta, sai ga shi ya diro yana goge hannu da tsumma.

"Ranki ya daɗe, a jira wuta ina raye? Mace kamarki ta zauna jiran inji? Ba ni minti biyar. Numfashi ɗaya zan yi mata."

"Sallau, a hankali da motar nan," in ji Malam Barau. "Kayanta sun ƙare a kasuwa. Jet ɗin nan shi ne wanda ta zo da shi."

"Baba Sannu-sannu, koma ka zauna ka huta. Hajiya, ki shaida, jama'a ku shaida. Da bakin nan zan gyara ta, ba inji, ba taimakon kowa, kuma da ita za ki je taronki."

Metiron ta dube shi ta saman tabarau. Sauri take yi, wuta kuma ba ta da rana. Ta ce, "To, na ji. Gyara."

Nan da nan aka taru, don Sallau ba ya aiki sai da 'yan kallo. Ya naɗe hannun riga. Ya zare tiyon mai ya zuƙa, ya cika baki da fetur, ya feso gefe, wai yana gwada ingancinsa. Ya zuƙa fiye da kima, warin ya hau masa kai, shaƙuwa ta kama shi. Bai kula ba. Ya kwance jet ɗin, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya ɗora a leɓe.

Da ya hura a lokacin nan, da ba a samu labari ba. Sai mai shayin gareji ya ce, don neman magana, "Sarkin Hura, wai da gaske ne zancen tirelar Jibiya?"

Sallau ya iya jure yunwa, ya iya jure rana, amma bai iya barin tambaya irin wannan ta wuce ba. Ya tura jet ɗin cikin kunci da harshe, ya buɗe baki.

"Tirelar Jibiya? Ai wannan ƙaramin aiki ne. Ranar da na je Damagaram ne ma..."

Hik. Ƙut.

Ya ji abin ya bi maƙogwaro, sanyi-sanyi, ya sauka a hankali har ya samu wurin zama. Gumi ya karyo masa. Ya dubi jama'a, jama'a na dubansa, suna jiran labarin Damagaram. Ba wanda ya lura.

Nan fa Sallau ya nuna ashe yana da wata baiwar ban da surutu. Ya kai yatsu biyu baki kamar mai riƙe da abu, ya cika kumatu, ya hura iska a kan yatsunsa, fuuu, har jijiyar wuya ta tashi. Ya duƙa cikin bonet ya murza sukundireba a rami wayam, ya rufe kafireta, ya miƙe.

"An gama."

"To, tayar mu ji," in ji Metiron.

"A'a, ranki ya daɗe. Ba a tayar da ita ranar da na hura. Iskata zafi gare ta, sai ƙarfen ya huce. Gobe da safe."

Malam Barau ya ɗago kai ya dube shi, ya mayar da kansa kan aikinsa.

Metiron na barin wurin, Sallau ya kewaya bayan rumfa ya zura yatsa a maƙogwaro. Sai fetur da shayin safe. Ya ɗauki waya ya buga wa masu sayar da kayan mota na Kano, ya buga Kaduna, ya buga Gusau. Wani ya yi dariya ya kashe waya. Wani ya ce kakansa ne ya san irin wannan, shi ma ya rasu. Tsoro ya kama Sallau sosai. Ba mutuwa yake tsoro ba, a'a, tsoronsa kada gareji ya ji Sarkin Hura ya haɗiye abin da aka ba shi ya hura. In wannan ta fita, sunansa ya ƙare a Funtuwa.

Ya yanke shawara biyu. Ta farko, ya zazzage gwangwanin tarkacensa ya tsinci wani jet na tsohuwar akori-kura mai inji ninkin na Fijo. Raminsa ya yi faɗi, jikinsa kuma bai kama daidai ba. Ya naɗa masa jan zaren ɗinki ya cusa ya ɗaure da ƙarfi. Ta biyu, ya biya kasuwa ya sayo ganyen filasko, maganin wanke ciki, ɗauri guda wanda zai ishi gida biyar.

Ya kai wa matarsa Dije ya ce ta dafa duka.

"Duka? Malam, doki za ka ba?"

"Dafa kawai."

Washegari da safe ta gan shi ya nufi bayan gida, buta a hannu ɗaya, rariyar tankaɗenta a ɗayan.

"Me za ka yi da rariyata a can?"

"Aikin gareji ne. Ba ki san kan mota ba."

Dije ta dube shi, ta dubi ƙofar bayan gidan. "To, in ka gama aikin garejin kada ka dawo mini da ita."

Filasko ya yi aikinsa tsakani da Allah. Komai ya fito, har abin da Sallau ya manta ya ci. Jet kuwa ko motsi.

Haka ya ja ƙafa zuwa gareji, ya tarar Metiron ta riga shi. Ta shiga ta murza makulli. Gir-gir-gir, bum, mota ta tashi. Sallau ya ji ransa ya dawo. Ya buga ƙirji ya juya yana neman idon Malam Barau.

"Numfashi ɗaya na ce. Baba, ka ƙirga? Ɗaya."

Metiron ta taka totur, wani baƙin hayaƙi ya tuɗaɗo daga salansa ya rufe mai shayi da teburinsa. Ta fita titi tana jan hayaƙin a baya. Ba ta kai shataletale ba motar ta fara tari, fat, fat-fat, ta yi wata jijjiga ta mutu. Majiya ƙarfin jiya suka sake turo ta.

Sallau ya kwance fulogi huɗun. Fulogi shi ne ke ba da tartsatsin da ke kunna fetur a inji, kuma bakinsa ya kamata ya zama fes. Waɗannan kuwa baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.

"Kin gani ko, Hajiya? Ba aikina ba ne, fulogi ne suka mutu. Wanda ke duba miki motar nan shekara da shekaru bai taɓa leƙa su ba."

Ya goge su da samfefa, ya tsoma a fetur ya kyasta ashana suka ƙone, ya mayar. Mota ta tashi, ta yi hayaƙi, ta mutu a ƙofar gareji. Ya sake kwancewa, baƙi. Wannan karon ya ce fetur ne, an gauraya shi da kananzir. Aka tsiyaye tanki aka zuba sabo. Ta tashi, ta mutu. Ya ce batir ne. Ya ce iskar garin ce ta yi nauyi yau. Tsakanin kowace ƙarya da mai bi mata sai ya ce yana zuwa, ya ruga bayan gareji da buta, rariya a ɓoye cikin riga.

A karo na huɗu Malam Barau ya taso ya ɗauki fulogi ɗaya daga kan tsumma. Ya shafa bakinsa da yatsa ya duba yatsan.

"Hajiya, fulogi ba ya ɓoye ciwon mota. In baƙinsa jiƙaƙƙe ne yana maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa. In busasshe ne yana kama yatsa kamar kunkunniya, fetur ne ya yi yawa. Wannan busasshe ne. Jiya motar nan yunwa take ji, yau ɗura ake yi mata. Sallau, buɗe kafiretar mu ga jet ɗin."

Sallau ya faɗa kan bonet ya rufe da ƙirjinsa.

"Ba mai taɓa aikina. Na san abin da kake nema, so kake ka saci sirrin sana'ata. Hajiya, gobe Juma'a za ki same ta tana gudu kamar sabuwa."

"Gobe ce ta ƙarshe," in ji Metiron. "Jibi taro."

Da yamma Sallau ya ƙara wani kofin filasko. Da safiyar Juma'a ya ƙara wani. Lokacin da ya iso gareji wandonsa na neman zamewa, idanu sun faɗa, muryar nan da ke kai wa tasha ta koma ta ɗan tsako. Ya duƙa zai kwance fulogi karo na bakwai, sifana ta faɗi daga hannunsa, shi ma ya bi ta ya zauna daɓas a ƙasa.

Metiron ba ta dubi motar ba, shi ta duba. Ta matso ta ja fatar idonsa ƙasa, ta tsunkuli bayan hannunsa ta saki, ta shinshina.

"Filasko. Kofi nawa?"

"Ɗan kaɗan ne, ranki ya daɗe."

"Me kake nema ya fita?"

"Ba komai. Shawara ce ke damuna."

"Na shekara talatin da biyar ina jin ƙaryar marasa lafiya, taka ba ta ma nuna ba. Tashi."

Ta tsayar da Keke mai ƙafa uku, ta sa aka cusa shi, sai asibiti. Can kuwa duk wata babbar ma'aikaciya ɗalibarta ce, kafin Sallau ya gama cewa ya ji sauƙi an ɗaura masa ruwa. Metiron ta danna cikinsa ya yi ƙara, ta ce a ɗauki hoton cikin. Wani matashin likita ya fito da baƙin hoton yana juya shi.

"Mama, akwai ƙarfe a cikin mutumin nan. Ba kwabo ba ne, ba ƙusa ba ce. Malam, me ka haɗiya?"

A nan ne ya kamata Sallau ya faɗi gaskiya. Mutum uku ne kawai a ɗakin, da an rufa masa asiri. Amma shi a ganinsa ƙofa ce ta buɗe. Ya lumshe ido, ya sauke murya.

"Likita, ban haɗiyi komai ba. Jifa ne. Na daɗe da sanin akwai masu baƙin ciki da ni a gareji. Wani tsoho ne, ba zan kama suna ba, rumfarsa na jikin tawa. Shi ya jefe ni, shi ya kuma ɗaure motar Hajiya don a ce na kasa."

Metiron ta karɓi hoton ta daɗe tana dubansa. Ranta ya ɓaci, don ta san Malam Barau tun kafin a yaye wannan mai bakin. Amma ba ta nuna ba.

"Ashe haka ne. To, bai kamata a bar mugu ya ci bulus ba. Ruwan na ƙarewa mu koma garejin, a nuna masa aikinsa a gaban kowa."

"A'a, Hajiya, na yafe masa. Ni mutum ne mai yafiya."

"Ni ban yafe ba."

Sun iso ana dawowa daga masallaci, gareji cike. Metiron ta tsaya a tsakiya ta ɗaga hoton saitin rana.

"Jama'a, ku matso. Wannan cikin Sallau ne. Likita ya ga ƙarfe ya kasa gane shi. Sallau ya ce jifa ne, kuma Malam Barau ne ya jefe shi. Ku ne masana ƙarfe, ku duba mana."

Kanikawa suka yi caa a kan hoto, har da mai faci da mai shayi. Ga haƙarƙari, ga ƙashin baya, ga wani ɗan farin abu can ƙasa ya kwanta abinsa. Malam Barau ya ciro tabarau daga aljihu, ya goge da bakin riga, ya saka. Ya duba ya ƙara dubawa.

"Lalle wanda ya yi jifan nan ya san mota," in ji shi a hankali. "Har da tsagar sukundireba ya yi masa a ka."

Wani ya fara ƙyalƙyalewa daga baya. Malam Barau bai yi dariya ba. Ya wuce wurin Fijo, wannan karon ba mai ƙarfin hana shi, ya buɗe kafireta ya zaro abin da ke ciki. Ya ɗaga shi sama, jan zare na reto.

"Wannan na akori-kura ne, Hajiya. Shi ke yi wa motarki ɗura, shi ke kashe fulogi. Naki kuwa ga shi can." Ya nuna cikin Sallau da sukundireba.

Gareji ya kece da dariya. Mai shayi ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Masu babur suka tsaya a titi suna tambayar me aka samu, wanda ya ji ya gaya wa na bayansa. Da mai kunya ne, da ya nemi ƙasa ta tsage. Sallau kuwa ya dafa mota ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ɗaga hannu a yi shiru.

"Kun gama? To, ku ji abin da ba ku sani ba. Da gangan na haɗiye shi. Jiƙa shi na yi. Ruwan cikin ɗan Adam ya fi kowane fetur cin tsatsa, manyan kanikawan ƙasashen waje haka suke yi. Kwana uku yake yi, ya fito yana walƙiya. Na ɓoye ne don kada jahilai su kwaikwaya su halaka."

Metiron ta gyaɗa kai. "Madalla. Laraba, Alhamis, Juma'a. Kwana ukun sun cika, sai a tsamo shi."

Ba ta bar shi ya koma gida ba. Ta aika wa Dije cewa mijinta na hannun hukuma, ta wuce da shi gidanta ta ajiye a ɗakin zaure. Ta hana filasko. Ta sa aka tuƙa tuwon dawa mai tauri, aka kawo ayaba nono guda, ta tsaya a kansa sai da ya cinye. Ta ba shi wani magani a cokali, ta tura masa tsohon fo na ƙarfe irin na asibiti, ta ja kujera ta zauna a ƙofa da saƙarta. Duk wanda ya zo wucewa ya gaishe ta ya tambaye ta wa take gadi, sai ta ce kayan motarta ne a ciki.

Ranar Asabar, rana ta ɗan ɗago, aka ji ƙwal a cikin fo.

Kafin ƙarfe tara gareji ya cika ya batse, har da waɗanda ba su da ko keke. Malam Barau ya riga ya wanke fulogi huɗun ya daidaita bakinsu ya mayar, ya tace man tanki, kafireta a buɗe tana jira. An kuma kawo wuta, injin mai faci na ta kuka. Sai ga Metiron ta sauko daga Keke cikin farin leshi na zuwa taro, ɗan kwanon asibiti a hannunta. Sallau na biye da ita yana tafiya a tattale.

Ta sa hantsaki ta ɗago jet ɗin daga kwano. Malam Barau ya jawo tiyon iska ya miƙo hannu.

"Ajiye tiyon nan, Malam Barau," in ji ta. "Aikin yana da mai shi, kuma bai gama ba." Ta juya ta miƙa hantsakin saitin fuskar Sallau. "Bismillah."

Sallau ya dubi jet, ya dubi jama'a.

"Ranki ya daɗe, ai yanzu ba ya bukata. Ya jiƙu."

"Ban ga ya yi walƙiya ba. Karɓi."

Ya karɓa da kan yatsu, ya riƙe shi nesa da jiki. Ya matso kusa da ita ya yi ƙasa da murya, don kada a ji.

"Hajiya, don girman Allah, an wanke shi?"

Ita kuwa ba ta yi ƙasa da tata ba. "An dai ɗauraye."

Ya rufe ido. Ya ɗora a leɓe, wannan karon ya riƙe shi gam da yatsu huɗu. Ya cika kumatu ya hura. Fuskarsa ta kumbura, idanu suka firfito, hawaye ya zubo. Ko ɗan fiii ba a ji ba. Ya sauke yana haki.

Malam Barau ya karɓa da hantsaki ya ɗaga saitin rana, ya rufe ido ɗaya ya leƙa ramin.

"Har yanzu a toshe yake, Hajiya."

Metiron ta duba agogon hannunta, ta karɓi hantsakin ta sake miƙa wa Sallau.

"Da sauran awa guda kafin taro. Sake hurawa."